Gonar da ke Cikin Na'ura ta Biyar

Jawo kujera ka zauna, in ba ka labarin wani mutum da nake wucewa ta ƙofar shagonsa kullum. Injiniya ake ce masa, ko da yake bai taɓa taka ƙofar jami'a ba. Gyaran na'urorin gem yake yi, irin waɗanda ake jonawa da talabijin. Shagon ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin bene: tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, gwangwanin madara cike da ƙananan kusoshi, sai warin dalma da ya kama labule har ya kama rigarsa.

Matarsa ta yi shekara biyu a kwance kafin Allah ya yi mata rasuwa. Don kada kaɗaici ya riga ciwon kashe ta, sai ya haɗa mata wata tsohuwar na'ura, ya sa mata wasan noma. Da farko cewa ta yi, "Ni da girmana? Jikarka ka mai da ni?" Ba a yi mako ba ta koma cewa, "Malam, kauce mini daga gaban talabijin, shanuna ba su sha ruwa ba."

Ta gina gida mai jan rufi a ciki, ta haƙa rijiya, ta tara shanu bakwai. Wadda ta fi taurin kai ta sa mata sunan yayar mijin, abin da har yau yayar ba ta sani ba. Duk ranar da aka sallamo ta daga asibiti kuma sai ta dasa itace ɗaya a bakin shinge. Goma sha tara ta dasa.

Bayan rasuwarta ya kawo na'urar shago, ya ɗora a kan kantar shagon. Kowace safiya kafin ya taɓa aikin kowa sai ya kunna, ya ba shanun ruwa, ya zaga itatuwan. Za ka ce, mai gyara guda bai kwafe gonar ya adana ba? Ya gwada. Kamfanin wasan sai ya turo lambar sirri ta layin wayarta kafin ya yarda, layin kuwa an rufe shi tun ranar da aka yi rajistar mutuwarta. Gonar ba ta ko'ina a duniya sai cikin wannan baƙin akwatin.

Ana nan sai aka yi doka. An ce yara na gudun makaranta, wasannin harbe-harbe na lalata tarbiyya, don haka duk na'urar da ke cikin shago sai an tantance ta an manna mata sitika. Aka raba fom. Maƙwabtansa masu sana'a irin tasa kowa ya kwashe rabin kayansa ya kai gida. Shi da ya zo inda aka rubuta "adadin na'urori", ya ƙirga huɗu na mutane a kan tebur, ya ɗaga kai ya dubi ta matarsa a kan kantar, ya rubuta biyar.

Aka zo da mota aka kwashe. Bayan kwana goma huɗun suka dawo da sitikarsu. Ta biyar ba ta dawo ba. Ya je ofishin masu tantancewar ya tambaya.

"Wasan da ke ciki ba ya jerin waɗanda aka haramta," in ji matar da ke zaune a tagar ofishin.

"Alhamdu lillahi. To a ba ni."

"Ba ya kuma jerin waɗanda aka amince da su. Sai kwamiti ya zauna."

"Yaushe zai zauna, 'yata?"

"Ba a naɗa shi ba tukuna, Baba. Na gaba!"

Wata biyu yana sintiri. Rannan sai ga waya daga ofishin: ya zo da kayan aikinsa. Ya sa rigarsa mai kyau, ya tafi har da jakar da zai saka na'urar.

Ba tagar aka kai shi ba, ɗakin hutun ma'aikata aka shigar da shi. Kujeru masu laushi, kwanukan abinci a ƙasa, ga na'urar matarsa a jone da ƙaton talabijin, an ɗora mata kofin shayi. Shugaban sashen, wani mai tumbi da agogo mai sheƙi, ya ce, "Yawwa, Injiniya! Abin nan naka yana mutuwa muna tsaka da tantancewa. Duba mana."

Ya buɗe. Ba wani abu ba ne, fankar ciki ce ta toshe. Ya share, ya mayar, ya kunna.

Itace shida suka rage. Sauran kututture ne a jere. Shanu biyu na tsaye a bakin rijiya, alamar yunwa na yawo a kansu.

"Yallaɓai, itatuwan..."

"Ai sara ya fi shuka daɗi! Ka ji ƙarar da suke yi in za su faɗi?" in ji shugaban. Wani ma'aikaci ya karɓe zancen yana dariya: "Nuna masa na saniyar, yallaɓai." Shugaban ya ɗauki hannun gem ɗin, ya sa 'yar manomiyar cikin wasan mai koren ɗankwali, wadda marigayiyar ta zaɓa wa kaya da kanta, ta ɗaga fartanya ta maka wa saniya. Saniyar ta yi tsalle ta yi kuka. Ɗakin ya kece da dariya.

"Ranka ya daɗe, ta matata ce. Ta rasu."

"Allah ya jiƙanta," in ji shugaban, idonsa na kan talabijin. "Amma ba ta iya tsari ba, gaskiya. Wa ke sa rijiya a gaban gida? Ɗaure mana murfin da kyau."

Injiniya ya tsaya da sukudireba a hannu. Ya san inda zai taɓa sau ɗaya komai ya goge, kowa ya huta. Bai taɓa nan ba. Wayar fankar ya sassauta kaɗan, daidai yadda za ta yi mako biyu ta zame.

Tun daga ranar, duk mako biyu sai an kira shi. Yakan ce gyaran na bukatar gwaji na minti goma, su kuwa sukan fita cin abinci. A minti goman nan yake ba abin da ya rage ruwa. Sun saba da shi har suna masa kirari, "Injiniya mai hannun ɓarna, gyaranka ba ya kai wata!" Yana murmushi, yana cewa na'urar ce ta tsufa.

Zuwansa na jiya ya tarar sun rushe gidan, sun sayar da saniya ta ƙarshe. Fili ne fetal, sai itace ɗaya a lungu, wanda ina jin ba su lura da shi ba ne. Ya ba shi ruwa, ya sake sassauta wayar, ya dawo shago.

Da safen nan ya tare ni, ya tambaye ni abin da na kasa amsawa, shi ya sa na kawo maka. In ya koma nan da mako biyu ya tarar sun sare wannan ɗin ma, ya ɗaure wayar da kyau ya daina zuwa, ko ya ci gaba da zuwa yana ba fili ruwa?