Kakannin Baffa Sule a Bakin Kwantena

Ku da kuka zauna unguwar Al Ras ta Dubai kun san ba a kulle wa Baffa Sule, ƙanen mahaifina, kwantena sai ya kira kakanninmu. Zai dafa ƙofar ya fara: "Bako Mai Jakai, yana Salaga. Ɗansa Tanko, yana Nikki. Audu Baƙi, yana Yawuri..." Fatake ne masu zuwa Gwanja sayen goro tun kafin jihadi, kuma haka gidanmu ke riƙe tarihi: ba takarda, kowa da zangon da aka binne shi.

Rana ta take, gumi har cikin takalmi, direbanmu Gulam, ɗan Pakistan, yana danna oda: "Yalla Haji, yalla!"

Baffa ko waiwaye babu. "Shwaiya habibi, a hankali, ko kogin Kwara ba mu tsallako ba!"

Wata Juma'a muka kai shi garin Hatta ya sha iska. Muka shiga inda ake ajiye kayan mutanen da, ya leƙa, ya taɓe baki. "Allah sarki! Sun saka kakanninsu a gilashi." Wani dattijon Balarabe ya ji labarinsa, ya jero masa nasabarsa tiryan-tiryan. Baffa ya bari ya gama, ya juyo gare ni: "Tambaye shi, ina kowannensu ya kwanta?" Dattijon ya yi dariya ya ɗaga hannu alamar ya sallama: "Khalas!" Ranar Baffa har gahawa ya ƙara.

Ni abin yana damuna, wallahi, don 'ya'yansa a Kano ko suna ɗaya ba su riƙe ba. Na ce, "Baffa, bari in ɗauke ka a waya."

"Wacce? Wadda ta mutu jiya muna tsakiyar ciniki? A hannunta zan bar Bako Mai Jakai? Kai, Habu, ba ka da kunne ne?"

Sai kuma ya yi ƙasa da murya: "Ranar da aka rasa mai kiransu, ranar suka mutu."

Da ciwo ya kama shi muka ce a mai da shi gida, ya ƙi ƙememe. "Wa ka taɓa ji a gidanmu ya mutu a ɗakinsa?" A nan Dubai muka binne shi.

Kwantenar farko bayan rasuwarsa, na miƙa hannu zan ja ƙofa, sai Gulam ya kashe mota ya sauko, ya tare. Ya ce sai an kira sunaye. Gulam fa, mai oda!

Na dafa ƙofar. Salaga ta fito, Nikki ta fito, na zo kan Audu Baƙi na kakare.

"Yawuri," in ji Gulam.

Haka muka lallaɓa ni da shi har ƙarshe. Sannan na ƙara wanda ban taɓa jin an faɗa ba: "Sule, yana Dubai." Na kasa riƙe hawaye.

Allah Ya jiƙanka Baffa, Ya sa ka sauka a zango mai ni'ima, Ya haɗa ka da su Bako a Aljanna.