Naɗin Hadi Mai Kwano a Dei-Dei

Hadi mai kwanon rufi mutumin Zariya ne, amma a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei ya yi furfura. Rumfata ta fenti na jingine da tasa, don haka ganau ne ni ba jiyau ba. Ciniki bai dame shi ba. Mai saye zai tsaya yana taya kwano, shi kuwa yana duƙe a kan takarda, sai ya kai aya zai ɗago kai. Matarsa Rakiya takan ce da rubutu na rufe ɗaki, da tuni sun gina bene.

Zancensa kullum ɗaya ne: kada ɗan Adam ya durƙusa wa ɗan Adam. Da can yakan buga 'yan takardunsa ya raba a tashar manyan motoci, daga baya ya koma tura su ta waya. Bai bar ɗan siyasa ba, bai bar mai sarauta ba, bai bar malamin da ke yi wa talaka wa'azin haƙuri alhali shi a ƙoshe yake ba. An taɓa hana shi sahun gaba a masallaci saboda yawan tambayarsa, ya ce dama a baya aka fi samun iska. Rawani kuwa, ya rubuta cewa yadi ne da ake naɗa wa mutum don kunnensa ya daina ji.

Mu 'yan kasuwa dariya muke masa, har ranar da 'yan dako suka ƙi taɓa buhun siminti. Rodi ne ya faɗo wa ɗayansu a ƙafa, mai kayan ya ce ƙaddara ce. Ashe wanda ya iya karatu a cikinsu ya daɗe yana karanta wa sauran takardun Hadi a inuwar tirela. Motoci suka yi layi har bakin titi. Sai da aka kai mutumin asibiti, aka kuma yi musu rumfar hutawa, sannan suka koma aiki. Daga nan suka kafa ƙungiya, mu kuma muka rage dariya.

Bana ƙungiyar ta shirya masa taron godiya. Muna isa filin muka ga kujera mai laushi a tsakiya, da farin rawani a kan faranti. Wai za su naɗa shi Sarkin Yaƙin Talakawa. Na dubi Hadi, wallahi ya ba ni tausayi. In ya karɓa, ya lashe amansa na shekara da shekaru. In ya ƙi, ya kunyata mutanensa a bainar jama'a, su da ba su san wata hanyar girmama mutum ba sai wadda suka tashi suka gani. Rakiya ta raɗa masa, "Malam, don Allah yau ɗaya ka bar bakinka ya huta."

Thaddeus, dattijon 'yan dako, mutumin Filato da dako ya tanƙware wa baya, ya ɗauko rawanin ya zo ya durƙusa a gabansa.

"Tashi, Thaddeus," in ji Hadi. "Me na yi ta gaya muku?"

"Oga, mun ji shi duka," ya ce. "Amma wannan ba na gwamnati ba. Namu ne, kowa ya sa hannu."

Hadi bai ko kalli kujerar ba. Ya yi ƙoƙarin ɗaga tsohon ya kasa, sai kawai shi ma ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara, har kawunansu suka daidaita. Thaddeus ya ɗauka an ba shi izini, ya warware yadin, sannan ya tsaya yana duban 'yan uwansa. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa naɗa rawani, ba kuma wanda ya tuna a nemo gwani. Sai ya murɗa yadin yadda hannunsa ya saba, ya nannaɗe shi ya yi kewaye, ya ɗora wa Hadi a ka. Gammo ne sak, irin wanda suke ɗaukar siminti da shi.

Wasu 'yan kasuwa suka fashe da dariya. Kunya ta kama Thaddeus, ya kai hannu zai cire, Hadi ya riƙe hannun. Na ga hawaye na bin gemunsa, ni ma nawa kaɗan ya rage su zubo.

"Bar shi," in ji Hadi. "Wannan kam zan iya ɗauka. Sai ku ɗora min kayan."