Shafin da Kawu Sale Ya Kai Wa Tela

Ku da kuka san Kawu Sale Tafinta, kun san bai taɓa shan ruwa bai yi masa tambayoyi ba. Sai ya ɗaga kofi wajen haske, ya shinshina, ya ce, "Daga ina kake, kuma da wa ka haɗu a hanya?" Shekarun da ya yi yana fassara a kotu ne suka bar masa wannan ciwon.

Dariya muke masa, har ranar da rijiyar layinmu a Dilimi ta amsa tambayar. Ruwan ya yi ja, yana ƙarnin tsohon ƙarfe. Wani attajiri ne ya kafa wurin wankin kuza a bayanmu, ya sako mana dagwalon ta lambatu. Yara suka fara gudawa, kuma duk layin ba mu da wata rijiyar.

Kawu ya ce sai kotu. Ni kuwa, ɗan ƙanwarsa, malamin makaranta, aka naɗa ni mai riƙe jaka. A ƙafa muke zuwa. Na taɓa tsayar da acaɓa, ya ce, "Malamin alli, hayaƙin nan ma yana cikin ƙarar. Wuce mu je!"

Wata la'asar ƙarti biyu suka shigo zaure ba sallama. Ɗaya ya ce, "Oga ya ce Baba ya huta. Garin nan, ka san yadda yake yanzu." A shekarun nan na rikici, wannan maganar ba wasa ba ce. Kawu ya ce in kawo wa baƙi ruwa. Na rijiya. Na kawo, suka tsaya kallon kofin.

"Ku sha mana," in ji shi. "Na oganku ne, ajiya ya ba mu."

Lauyarmu, wata baiwar Allah daga Kabong, ta gaya mana gaskiya tun farko. Maganar kare muhalli tana babi na biyu na tsarin mulki, babin da kotu ba ta tilasta wa kowa bi. Haƙƙin rayuwa kuma yana can babi na huɗu. Kawu ya koma gida. Ashe reza ya samu ya yanke shafin muhallin daga kwafinsa na tsarin mulkin, ya kai wa tela ya ɗinke masa shi a babi na huɗu!

Ranar zama, lauyan attajirin ya nemi a kori ƙarar, da hujjar nan da muke tsoro. Sai na ga Kawu ya miƙe, ya miƙa wa alƙali littafin. Na ce a raina, shi ke nan, mun rasa rijiya, ga tsoho zai kwana a gidan yari.

Alƙali ya shafa ɗinkin da yatsa. "Malam Sale, wa ya yi wa tsarin mulki tiyata?"

"Tela ne, ya mai shari'a. Masu rubutun sun ajiye rai a wani ɗaki, ruwa a wani. Ni dai ban taɓa fassara wa mutumin da ba ya shan ruwa ba."

Alƙali ya cire tabarau, ya daɗe yana rubutu. Ya ce ɗinki ba doka ba ne. Amma tambayar ko guba a rijiya ta taɓa haƙƙin rayuwa, wannan kam zai saurare ta, kuma a toshe lambatun har sai an yanke hukunci.

A bakin ƙofa Kawu ya raɗa mini, "Da teburin nan ya sa zare biyu, da yau an gama." Tela yake nufi, amma haka yake kiran duk wanda bai gamshe shi ba.

Ba a gama ba. Aka yi ta ɗage zama har Kawu ya riga mu gidan gaskiya kafin hukuncin. Amma lambatun ya zauna a toshe, ruwan ya washe, kuma da shi muka yi masa wanka. Kafin in zuba, sai na tsinci kaina na ɗaga butar wajen haske.

Allah Ya jiƙanka, Kawu. Ya shayar da kai ruwan da ba sai ka tambaye shi daga ina yake ba.