Sai Gezar Barkono Ta Kwanta

Ranar Laraba, sha bakwai ga watan Satumba, da hantsi, ina wurin aiki Umma ta kira ni a waya. Ba ta ja magana ba. Ta ce, "Baffanki Mai Dawaki lokaci ya yi." Na ajiye abin da ke hannuna na nemi wuri na zauna. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma, da wanda ya riga da wanda ya saura. Na san ka daɗe kana jinya, Baffa, na kuma san ciwon ƙirjin nan ba na tashi ba ne, amma wallahi labarin ya doke ni kamar ban taɓa tsammaninsa ba.

Ga waɗanda ba su san ka ba, ba jini ne ya haɗa ka da Abba ba, dawaki ne. Tun kuna samari kuka haɗu a filin folo, wasan nan da ake buga ƙwallo da doguwar sanda daga kan doki. Abba ya yi suna a wasan, kai ba ka yi ba, kuma bai taɓa barin ka ka manta ba. Yakan ce kana buga ƙwallo kamar mai tsoron kada ta ji ciwo. Kai kuma ka laƙaba masa Mai Gaggawa, sunan da ya bi shi har yau. Da ka bar wasan sai ka kama sana'ar da abokanka suka yi ta yi wa dariya: karɓar dawakin da suka gama zamaninsu a fili, kana mayar da su dawakin hawa, irin waɗanda tsoho ko mace ko ɗan koyo zai hau hankali kwance. Abba ya sa wa gidanka suna makarantar tsofaffi.

A wannan makarantar na girma. Har yanzu in na rufe ido ina jin ƙamshin dusa da ciyawa da man da kake shafa wa sirdi. Ina ganin bencin nan mai karyayyar ƙafa da ka tokare da bulo, da rediyonka da ba ta magana sai an mare ta, da aljihun rigarka da kullum yake cike da karas. Kai ka koya mini kada in zo wa doki ta baya, in zo ta kafaɗa ina magana. Shekarar da na faɗi jarrabawa na gudo gidanka ina kuka, ba ka tambaye ni komai ba. Buroshi ka miƙo mini, ka nuna mini wani tsohon doki, ka ce, "Uwata, wannan ma ya sha faɗuwa, ku je ku yi hira." Sai da na goge shi tas, kukan ya ƙare, sannan ka raka ni gida.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne abin da ka yi wa Abba, don ba kowa ne ya san yadda aka yi ba.

Lokacin da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Abba, ɓarin dama ya ɗauke. Hannun da ya yi shekaru yana riƙe sanda da shi ya mutu, harshensa ya yi nauyi, in ya zauna sai jikinsa ya karkace dama. An sayar da dawakinsa duka ban da ɗaya, wata jar goɗiya da yake kira Barkono, wadda ya ci wasanninsa na ƙarshe a kanta. Ita kam ya hana a taɓa ta. Wata rana Umma ta fita unguwa, sai ya sa direba da mai kula da barga suka ɗauke shi daga keken guragu suka ɗora shi a kanta. Ko gama zama bai yi ba ta zabura da shi. Ya faɗo a bakin ƙofa, ƙashin kafaɗarsa ya tsage.

Umma ta rantse goɗiyar nan ba za ta ƙara mako a gidan ba, har ta yi magana da wani mai amalanke da zai saye ta ta riƙa jan kaya. Ban ga laifinta ba, mijinta take so da rai. Shi kuwa Abba da ya ji, sai ya juya fuskarsa ga bango. Ya daina cin abinci sai da faɗa, ya kori mai gashin ƙashi, ya daina amsa gaisuwa. Muna kallonsa yana zubewa a gabanmu. Duk mun gane cewa ranar da aka fitar da Barkono daga gidan, Abba ba zai daɗe a bayanta ba.

Ana cikin haka ka zo. Ka cire takalmi ka zauna a ƙasan falo, ka saurari Umma har ta gama zazzage abin da ke cikinta. Sannan ka ce, "Uwargida, ba ta yi laifi ba. Abin da mijinki ya koya mata ta yi. A fili, in mahayi ya karkata dama, ce mata yake ga ƙwallo nan, ruga. Shi yanzu jikinsa ne yake faɗin haka ba da saninsa ba. Ki ba ni ita." Umma ta ce in Abba ya sake faɗuwa ba za ta yafe maka ba. Ka ce ka ji, ka yarda.

Daga nan ka shiga ɗakin Abba, ina biye da kai. Ba ka yi masa sannu ba, ba ka lallashe shi ba. Ka tsaya a kansa ka ce, "Kai Mai Gaggawa, za ka hau Barkono. Amma da sharaɗi. Dokin folo ake yi wa aski don kada geza ta sarƙe sanda. Ni ba na ɗora kowa a kan doki mai ƙwal-kwabo. Sai gezarta ta tsiro ta kwanta a wuya. Kuma a makarantata, wanda zai hau shi ke taje geza, a tsaye kan ƙafarsa." Abba ya juyo, karon farko tun faɗuwarsa, ya zabga maka harara. Da muka fito ka ce mini, "Alhamdu lillahi, ya harare ni. Da sauransa."

Ni na riƙa kai Abba gidanka, don haka na ga aikin da idona. Da farko ba ka koya mata komai ba. Ka cire mata linzamin nan mai kaifi, ka kwance ɗaurin wutsiyarta, ka sake ta cikin tsofaffin dawakinka ta yi ta zaman banza. Abba ya yi ta tsaki daga kan keke. Bayan nan ka fara mirgina mata ƙwallo tana cin dusa. Ranar farko ta watsar da kwanon, ta tsinka ragama. Ka sake, ka sake, har ta kai ƙwallo ta bugi kofatonta ba ta ɗago kai ba. Ka koya mata tafiya kusa da wani doki ba tare da ta bangaje shi da kafaɗa ba. Ka rataya buhun yashi a gefen dama na sirdi kana jan ta a hankali cikin unguwa.

Sai kuma abin da ya sa mutane suka ce Mai Dawaki ya fara taɓuwa. Ka cusa hannunka na dama cikin riga, ka saki ƙafar dama daga likkafa, ka karkace kamar Abba, ka hau. Kai, Baffa! Ranar ta kwashe ka a guje, ta bi da kai ta cikin igiyar shanyar Gwaggo, matarka, kuka fito ta wancan ɓarin da zanen gado a kanka. Gwaggo na salati tana faɗa a kan wankinta, kai kana ƙasa kana laluben hula. Sai muka ji wata ƙara daga kan keken guragu. Abba ne yake dariya, da rabin baki, har da hawaye. Rabonmu da jin wannan sautin tun kafin ciwo.

Ashe geza ba ta sauri. Ba kwanciya take fara yi ba, miƙewa take tsaye cirko-cirko kamar buroshin goge takalmi, kuma haka take wata da watanni. Duk zuwa Abba sai ya sa a tura shi kusa ya auna ta da yatsu. Ya sa aka dawo da mai gashin ƙashin da ya kora, don sharaɗin ya ce a tsaye. Ya koma cin abinci. Daga keke ya koma dogara bango, daga bango ya koma sanda. Wata rana ka fito daga ɗakin dusa ka tarar da gezar ta kwanta luf, sai ɗigar ruwa take. Ka dubi Abba, ka dubi butar da ya ɓoye a bayan ƙafarsa, ka ce, "Ikon Allah, yau a wuyan Barkono kaɗai aka yi ruwa." Abba ya ɗauke kai yana kallon sama kamar bai ji ba.

An fi shekara kafin ta kwanta da kanta. Da safe ne. Abba ya jingine sandarsa, ya karɓi matajinka na ƙarfe daga hannunka, ya taje ta daga kunne har kafaɗa da hannun hagu, a tsaye. Aka taimaka masa ya hau. Jikinsa ya karkace dama kamar kullum, Umma ta damƙe hannuna har sai da na ji zafi. Barkono ta juya kunne ɗaya baya, ta saurara, ba ta motsa ba. Sai da Abba ya cusa yatsunsa cikin gezar ya yi mata magana, sannan ta ɗaga ƙafa. Suka zaga filin gidanka a hankali, tafiyar da da can Abba zai kira ta matsorata. Kai kuma ka koma benci kana marin rediyonka, wai kada mu ga idonka.

Tun daga ranar Abba bai fasa hawa ba. Watan jiya, da jikinka ya tsananta, ya ce shi ba a mota zai je duba ka ba. Na bi su a ƙasa. A kan hanya wasu yara na buga ƙwallo, ta ƙwace musu ta shige tsakanin ƙafafun Barkono. Ita ko kallo ba ta ishe ta ba. Da muka isa, Gwaggo ta buɗe tagar ɗakinka, goɗiyar ta zura kanta ciki tana shinshina aljihunka. Ka ɗaga hannu da ƙyar ka shafa gezar. Sannan ka ce da Abba, "Mai Gaggawa, bari in faɗa maka wata magana kafin in tafi da ita. Babu wata dokar geza a makarantata. Barkono ta gama karatunta tun gashin bai kai yatsa ba. Ɗaya tsohon dokin nake jira ya miƙe." Da ƙyar harshen Abba ya juya, ya ce, "Macuci." Kuka yi dariya ku biyu har tari ya sarƙe ka. Da za mu tafi ka sa Gwaggo ta ɗauko matajin ta ba shi.

Ranar Laraba, da na bar wurin aiki, gida na fara zuwa don in ɗauki Abba. Ba ya ɗakinsa. A barga na same shi, sandarsa a jingine, yana tsaye yana taje gezar Barkono da matajinka, ita kuma ta sunkuyar da kai. Na tsaya a bakin ƙofa na rasa ta inda zan fara. Bai juyo ba. Ya dafa wuyanta ya ce mata, ba ni ba, "Malaminmu ya tafi."

Baffa, na yi kewarka, kuma zan daɗe ina yi. Ka dawo mana da mahaifinmu a lokacin da muka fara sallama shi, ba ka taɓa bari mun yi maka godiya yadda ya kamata ba. Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka. Yadda ka yi haƙuri da dabbobin da ba su da bakin godiya, ka tausaya wa amininka a ranar rauninsa, Allah Ya tausaya maka fiye da haka, Ya sa Aljanna ce makomarka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Gwaggo, wadda ta yi shekaru tana raba tsakar gidanta da dawaki, da yayyena da ƙannena 'ya'yanka, da jikoki da sauran dangi. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci bayansa. Ina kuma yi wa Abba ta'aziyya, shi da ya rasa abokin faɗansa. Allah Ya ba shi juriya, Ya bar shi tsaye a kan ƙafafun da ka jira su. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, amin.