Wasiƙun Malam Hamidou a Gidan Takaba

Safiatou tana yanka albasa ranar wata Talata da hantsi sai ta ji sallamar mahaifinta. Ta ajiye wuƙar ta juyo da sauri, domin a shekara goma sha ɗaya da ta yi da shi a Amurka ba ta taɓa ganinsa a gida da hantsi ranar aiki ba.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Sun ce in ɗan huta." Ya miƙo mata takarda. "Ke da kika gama jami'a, karanta mini wannan a hankali."

Daga kamfanin da yake yi wa tuƙi ce. Binciken shekara-shekara da ake yi wa direbobi ya nuna wata kotu a jihar Virginia ta same shi da laifin tuƙin ganganci, kuma ba ya nan aka yanke hukuncin. An dakatar da shi. In laifin ya tabbata a kansa, aikin ya tafi ke nan. Takardar ba ta faɗi wace kotu ba ce.

Malam Hamidou mutumin Damagaram ne. Ya yi shekara tara yana jan babbar mota tsakanin Zinder da Agadez kafin ya ci cacar bizar Amurka. A Washington ya yi tasi shekara goma sha uku, daga baya ya koma ɗaukar masu wankin ƙoda daga gidajensu zuwa asibiti. Ba ya amfani da taswirar waya. Da coci da gidan mai da bishiya yake gane hanya, kuma ya san tsohuwar da ke son a rage sanyin mota da tsohon da ba a yi masa magana kafin ƙarfe tara. Lasisinsa, wanda har yau "parmi" yake ce masa irin na mutanen Nijar, babu tabo a kansa ko ɗaya. Shi ya sa Safiatou ta cika da mamaki.

"Baba, kai da ko keke ba ka wucewa? Yaushe ka yi gudu?"

"Ranar Alhaji," in ji shi.

Alhaji Misbahu injiniya ne Bakano da ke Fort Washington, shi ne mai masaukin Malam Hamidou lokacin da ya sauka ba shi da kowa. Shekara biyu ya yi a ɗakin ƙasa na gidan. Ya rasu a farkon Maris. Bayan an sallaci gawa, ayarin motoci ya tsallaka kogin Potomac ya nufi maƙabartar Musulmi can kudu cikin Virginia. Malam Hamidou ya tsaya ɗaukar wasu dattawa biyu, ayari ya yi masa nisa, ga hadari ya haɗo. Shi kuwa ya ƙudurta da hannunsa za a sa Alhaji a kabari. Sai ya taka mota. Ɗan sanda ya tsayar da shi, ya ba shi takarda, ya sa hannu bai duba ba, ya cusa a aljihu. Ya iso ana sauke makara, ya shiga kabarin cikin ruwa da laka. Da aka wanke rigar, takardar ta zama kunu.

"Na ɗauka irin tarar kamarar hanya ce," in ji shi. "Wasiƙa ta zo, ka biya, shi ke nan."

"To ina wasiƙar?"

Nan ne Safiatou ta ji abin da ba ta sani ba game da mahaifinta. Shekara ashirin ke nan adireshin gidan Alhaji ne a kan lasisinsa. Ya yi ƙaura sau uku bai canza ba, don a ganinsa canzawa kamar ya ce ya fita daga hannun ubangidansa ne. Duk Juma'a bayan masallaci yakan biya ya gaida Alhaji, su sha shayi, ya karɓi wasiƙunsa. Tun sadakar bakwai kuwa bai sake taka ƙofar ba. Hajiya Furera, matar Alhaji, tana takaba.

"In je gidan mace mai takaba in ce a ba ni wasiƙuna? Me za a ce da ni?"

Ta buɗe kwamfuta, ta shiga shafin kotunan jihar na intanet. A Virginia kowace gunduma da kotunta, sai ka zaɓi kotun sannan ka sa suna. Shi kuma bai san gundumar da aka tsayar da shi ba.

"Bayan gada mun wuce inda hanyoyi suke hawa kan juna kamar taliya. Mun wuce wani kogi. Akwai wurin da ake auna manyan motoci."

"Baba, kotu ba ta san taliya ba."

"Kotu ba ta tuƙi."

Ta nema a Fairfax, babu. Ta nema a Prince William, babu. A ta ukun, gundumar da maƙabartar take, sunansa ya fito. Mil tamanin da bakwai a awa. A can duk abin da ya haura tamanin da biyar ya wuce biyan tarar kuɗi kawai, sai an gurfana gaban alƙali. An yi zaman ranar sha bakwai ga Afrilu. Kwana goman ɗaukaka ƙara sun wuce, amma ta karanta cewa ana iya roƙon alƙali ya sake buɗe shari'a cikin kwana sittin. Ta ƙirga sau uku a kalanda. Saura kwana ashirin.

"Hajiya za ta fita takaba tsakiyar Yuli," in ji shi. "Sai mu jira."

"Alƙali ba zai jira Yuli ba. Ni mace ce, ni zan shiga."

Washegari ya kai ta Fort Washington, ya tsaya a mota can nesa da gidan. Hajiya Furera na zaune a kan darduma da carbi. Safiatou ta durƙusa, ta yi gaisuwa, ta sake yin ta'aziyya, ta yi ta kewaye-kewaye.

"Ke 'yar nan, faɗi abin da ya kawo ki. Ina uban naki? Ko shi ma takabar yake?"

Da ta ji labarin, Hajiya ta yi wata 'yar dariya da hawaye a ciki.

"Hamidu gudu? Alhaji kullum cewa yake in ka shiga motar Hamidu ka tafi da guzuri." Ta nuna wata jakar kanti a bayan ƙofa. "Duk abin da ya zo nan nake zubawa. Ban iya ganin sunan Alhaji a kan ambulan ba. Ki ce wa ubanki takaba nake, ba a kulle ni ba. Ya turo a gaishe ni ma bai yi ba."

A cikin jakar akwai ambulan biyu daga kotun, ba a buɗe ba. Hajiya ta haɗa mata da takardar maƙabarta mai nuna rana da lokacin binnewa.

Ranar Alhamis suka tafi kotun, Safiatou ce ta tuƙa. A ƙofa aka ce a mayar da waya mota. Magatakardar, wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci, ta ba su fom ta ce ita ba ta ba da shawarar shari'a, amma su rubuta dalili a fili. Layi huɗu ne kawai wurin dalilin. Safiatou ta so ta fara da shekara ashirin ba tabo.

"A'a," in ji shi. "Fara da cewa na yi gudun. Sannan ki faɗi wanda nake bi. Sannan ki ce ban ƙi kiran alƙali ba, ban san ya kira ba."

Ta rubuta haka. Ya sa hannu, wannan karon bayan ta karanta masa kowace kalma. Magatakardar ta buga hatimi, ta ce alƙali zai duba, ko ya sa ranar sabon zama ko ya ƙi, kuma za su gani a shafin kotu.

Kamfanin ya ce zai riƙe masa gurbinsa zuwa ƙarshen Yuni. Safiatou tana duba shafin da safe da bayan la'asar. Yau kwana tara ke nan, alƙali bai ba da amsa ba tukuna.