Fari Sol da Ruwan Madara

Shekara talatin da ɗoriya ina sayar da zare a Fagge, kuma duk cikin masu zuwa shagona babu wanda ya kai Malam Almu cika min ciki. Sai ya zauna min a kan benci ya sha shayina, ya kushe zarena, ya kushe wuyan rigata, sannan ya sayi ƙulli biyu ya tafi. In ya yi kwana uku bai zo ba kuma, ni ne mai aikawa a duba ko lafiya.

Mai aikin babbar riga ne, aikin hannu, da allura. Mahaifinsa dako yake yi a tashar jirgin ƙasa, shi kuwa Almu tun yana ɗan shekara goma kawunsa ya zaunar da shi a zaure ya damƙa masa allura. Zai zana aska takwas a gaban riga da tawada, ya zana tambari a baya, sannan ya bi zanen da zare har ya rufe shi ruf. Riga ɗaya takan ci masa wata biyu, wani lokacin uku. Da wannan allurar ya auri Surayya, da ita ya aurar da 'ya'ya mata huɗu, da ita ya je Makka.

Bai taɓa ɗinka riga da kansa ba. Ɗinkin na Nwabueze ne, wani tela Ibo da aka haifa a Sabon Gari, wanda Hausa ta zauna a bakinsa fiye da wasu 'yan Fagge da na sani. Nwabueze ne ke karɓar aiki a wurin masu kaya, ya yanka shadda, ya kawo wa Almu, in an gama aikin allura ya mayar shagonsa ya haɗa. Haka suke tun suna samari. Almu ba ya kiransa da sunansa, sai dai Baban Ujunwa, shi kuma ya ce Malam. Da Sallah Surayya ta aika da tuwo da soyayyen nama, da Kirsimeti shinkafa ta zo daga Sabon Gari.

Sai zamani ya juya. Aka fara da keken aiki, muka ce ai ba ya kai na hannu. Daga baya injin kwamfuta ya shigo, wanda za a saka masa hoton zane ya gama gaban riga kafin a yi la'asar. Yaran yanzu kuma a waya suke zaɓen kaya. Sai mutum ya shigo yana nuna maka hoton wani ɗan Legas sanye da riga mai aska, askar nan tamu, yana cewa irin wannan sabon yayin yake so. Sabon yayi! Kuma ranar Juma'a yake so, yau Laraba. Abokan sana'ar Almu suka watse ɗaya bayan ɗaya, wani ya koma tuƙa adaidaita, wani gadi. Shi ya ƙi motsi daga zaurensa. Ya ce muddin akwai mutum ɗaya a Kano da ya san bambanci, yana nan.

Shekara uku da suka wuce idonsa ya fara yin ƙasa. Likita ya ce jijiyar ce ta taɓu, babu aikin da za a yi, sai dai maganin ɗigawa a ido. Almu ya dawo ya ce mana an ce gajiya ce.

Wata ranar Litinin Nwabueze ya shigo shagona da ƙunshi a hammata, ya ja ni ciki ya warware. Farar shadda ce ta wani ango. Askokin dama an yi su da zare fari sol, na hagu kuwa da ruwan madara. Ko yaro ya kalla daga tsallaken titi zai gani. Almun da a da yake rarrabe fari kala biyar!

"Hamzat, yaya zan yi?" in ji shi. "In na nuna masa, wallahi na kashe shi. Wannan allurar ce kaɗai ta rage masa."

Na ce, "To angon fa?"

"Zan sayi wata shaddar in kai inji. Zan gaya wa yaron gaskiya, ba zai damu ba, dama shi sauri yake so."

Da na ce masa a'a a ranar, da yanzu ba na wannan rubutun. Amma na gyaɗa kai. Na ma ƙara da nawa, na je na sami Surayya ta tsince masa duk wani zare da ba fari sol ba daga jakarsa, ni kuma na daina ba shi kowane iri sai shi.

Dabarar ba ta yi tsawon rai ba. Hannunsa yana nan yadda yake, ɗinkin a matse, sumul, ba za ka sami inda allura ta yi tsalle ba. Idon ne ya daina ganin zanen. Sai zaren ya kauce ya bar layin tawada a fili, aska ɗaya ta fi 'yar uwarta tsawo, tambari ya karkace. Duk da haka Nwabueze bai daina ba. Duk wanda ya kawo aikin babbar riga sai ya yanka shadda biyu, ɗaya ta mai kaya ta tafi inji, ɗaya daga aljihunsa ta zo Fagge. In Almu ya gama, ya zo ya karɓa, ya yaba, ya sallame shi kamar kullum, ya tafi ya ninke a akwati. Shekara biyu muna haka. Almu kuwa ya zauna a kan bencina yana cika baki, wai masu inji sun yi sun gaji, har yau ba a daina nemansa ba. Ni kuma in ce ƙwarai kuwa, Malam.

Abin ya fashe ne a wurin ɗaurin aure, bayan sallar Juma'a. Angon ɗan unguwarmu ne, kuma Almu ya san rigarsa ta biyo ta hannunsa, don shi Nwabueze ya kawo wa ita da sunan yaron. Masu wannan sana'ar suna da wata ɗabi'a: in sun ga rigarsu a jikin mutum sai sun kai hannu sun gyara masa wuya. Da aka shafa fatiha Almu ya kutsa cikin jama'a, ya yi wa ango murna, ya kai hannu. Ina tsaye a gefensa. Na ga yatsunsa sun shiga ta cikin wuyan rigar sun tsaya. Aikin inji yana da wata takarda mai kauri da ake mannawa ta baya, kuma zaren cikinsa siriri ne. Ko a duhu Almu zai gane.

Ya gyara wuyan tsaf, ya ce, "Allah ya ba da zaman lafiya." Sannan ya juyo gare ni. "Tsayar mana da adaidaita, Sabon Gari za mu."

Muka sauka a ƙofar shagon. Nwabueze yana kan keken ɗinki, da ya ga fuskokinmu sai ya ɗauke ƙafa.

"Baban Ujunwa, ina rigata?"

Bai yi gardama ba. Ya shiga ciki ya jawo akwatin ƙarfe, ya buɗe. Riguna tara, kowace a ninke a cikin leda, da ƙwayar maganin asu a tsakani. Ya ɗauko ta farko ya shimfiɗa a kan teburin yanka.

"Malam, duba nan da nan. Wannan fari ne, wannan ruwan madara."

Almu ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa shaddar. Ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa, ya mayar, ya sake sunkuyawa. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago sai ya ce, a hankali, "Ni duk ɗaya nake gani."

Nwabueze, ƙaton mutum mai furfura, ya kifa kai a kan keken ɗinki yana kuka. "Ka yafe min, Malam. Ban san yadda zan faɗa maka ba."

"Kai fa, Hamzat? Ka sani?"

"Na sani."

"Surayya?"

"Ita ma."

Almu bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi min sauƙi. Ya shafa rigunan ɗaya bayan ɗaya, yana ambaton sunan wanda ya ɗauka ya yi wa kowace. Sannan ya ce, "Na san don Allah kuka yi. Amma da kun faɗa min tun a ta farko, da sau ɗaya zan yi baƙin ciki. Shekara biyu ina zaune ina yi wa akwati aiki, ina kuri a gaban mutane."

Nwabueze ya ce ya tafi da su, ai nasa ne. Almu ya ce a'a, ba shi ya sayi shaddar ba.

Muka fito. A ƙofar shagon akwai kwata mai faɗi da aka ɗora wa katako, wadda ya shekara arba'in yana tsallakewa ba tare da ya duba ba. Ya tsaya a bakinta. Na miƙa masa hannu, ya yi kamar bai gani ba, ko kuma da gaske bai gani ba, ban sani ba. Masu adaidaita suna ta yi mana hon. Can ya laluba ya kama hannuna.

"Riƙe ni sosai," ya ce. "Ba na ganin katakon."