Baƙin Jinin da Tasi'u Wanzami Ya Zubar

A wani ƙauye kusa da Tsanyawa an yi wani wanzami mai suna Tasi'u, wanda ya gama sanin jikin ɗan Adam ba tare da ya taɓa tambayar kowa ba. A wurinsa cuta ɗaya ce a duniya: mataccen jini da ya kwanta a wuri ɗaya ya ƙi tashi. Ciwon kai, ƙaho. Ciwon baya, ƙaho. Sai ya tsaga fata, ya kafa ƙahonsa, ya zuƙe, ya juye a kasko ya nuna wa mai jikin.

"Ka ga baƙinsa? Da wannan kake yawo!"

Shekara talatin yana haka, ana gode masa.

Da shekarun fari suka zo, gero ya ƙone a gona, aka koma cin tafasa da dusa. Matarsa Furera, wadda kullum ita ce ta ƙarshen sa hannu a kwano, ta fara ganin jiri. Zuciyarta na bugawa kamar ana sussuka. Tasi'u yana son matar nan, wannan kam ba a musu. Saboda tsabar so ya yi mata ƙaho sau huɗu a wata guda. A na huɗun ta faɗi, sai a bayan a-kori-kura aka kai ta asibiti a Kano.

Can aka manna mata wayoyi a ƙirji, na'ura ta fito da takarda mai zane hawa da sauka. Likita ya ce zuciya tana da 'yar wutar lantarkinta da ke sa ta harbawa, kuma ta Furera gudu take yi, don jinin da take turawa ya yi kaɗan. Ya ƙara da cewa jini ba ya kwanciya, zagaya jiki yake yi dare da rana.

"Likita, ban da mataccen," in ji Tasi'u, yana gyara masa karatu.

Likita ya ce in ba a ƙara mata jini yau ba, ba lallai ta kai gobe ba. Maƙwabta biyu da suka rako su nan take suka tuna sun bar awaki ba ruwa. Tasi'u ya miƙa hannu, ya kau da kai, domin gwanin aska ashe tsoron allura yake.

Da ledar jinin ta cika, ya waigo ya ga launinsa.

"Malama, zubar da wannan! Baƙi ne, matacce ne. Kada ki sa mata."

Ma'aikaciyar jinya ko kallonsa ba ta yi ba.

"Baba, haka lafiyayyen jini yake in an ɗebo shi. Shi zai tashe ta."

Aka rataye ledar. Tasi'u ya zauna a ƙasa yana kallonta tana ɗiga a hankali cikin hannun Furera, launin jinin sak da na kasko huɗun da ya juye a bayan danga.